Makirufon da Bai Lalace Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin Asabar ɗin da bakina ya kusa raba ni da Rahama, yarinyar da nake nema a lokacin. Yayanta Kabiru ya zo Dubai daga Kano, wai sayayya a Deira, amma kowa ya san ni ya zo dubawa. Sai ta ce mu kai shi kallon wani wasan daɓe, ƙawarta ce ta tsara kiɗan. Ta turo min bayanin wasan a waya, ban buɗe ba (ni da nake ganin na waye, ina ruwana da bayani).

Tun a cikin jirgin ƙasa na metro na fara cika baki. Na ce, "Yaya, kada ka damu da Turancinsu, zan riƙa fassara maka. Irin wannan wasan mun saba da shi." Ya dube ni ya ce, "To, madalla."

Aka rage fitilu, kiɗa ya tashi. Wani mutum ya fito fuska fara fat kamar an tsoma shi a garin rogo, yana jan igiyar da babu ita. Wata mata ta biyo shi, suna ta buɗe baki suna nuna juna, ko tari ba a ji. Na jira, na gyara zama, shiru. Raina ya ɓaci, ga baƙo na kawo, ga na yi alkawarin fassara.

Daidai lokacin da kiɗan ya yi ƙasa, matar ta durƙusa tana kukan kurame, na miƙe tsaye. Rahama ta ja min riga, na fizge. Na juya baya wajen masu na'ura na ɗaga murya, Larabci da Turanci a cakuɗe: "Habibi, makirufo ba ya aiki, ba ma jin komai."

Kiɗa ya tsaya cak. Mai farar fuskar ya sauko a hankali har gabana, ya kama leɓɓana ya ɗinke su da allurar da babu ita, ya ƙulle zaren, ya gatsa da haƙori. Ƙawar Rahama ta raka shi da sarewa, ɗinki bayan ɗinki. Ɗakin ya kece da dariya da tafi, har da masu ɗauka a waya.

Na koma na zauna, sai a lokacin na gane ashe wasan dama na bebaye ne, ba a magana a cikinsa. Yaya Kabiru ya matso kunnena ya ce, "Malam, me ya ce? Fassara min."

Rahama ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayata ba. An dai ɗaura mana aure daga baya, yayan ya gaya wa mutanen gida wai ba ni da mugunta, surutu ne kawai ya yi min yawa.

Yanzu in na shiga wuri na ga kowa ya yi shiru, ni ma shiru nake yi. Ko gobara ce, sai wani ya riga ni faɗa.