Dokar da Na Kafa wa Furar Baffa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Baffana filin jirgin Kano zai tafi Hajji ba. Zamanin kuɗin mai ne, ni kuma sabon akawu a ma'aikata, ina ji da kaina. Duk Roni an ɗauka ni na san harkar jirgi (sau ɗaya na taɓa zuwa filin, shi ma a bayan shingen waya na tsaya).

Baffa ya sauko daga mota riƙe da goran furar da Gwaggo ta dama masa. Na dubi masu kwat suna shiga, na dubi goran da igiyarsa ta yi baƙi, sai kunya ta kama ni.

"Baffa, ba a shiga da fura nan. Doka ce."

"To, ai ku kuka yi boko," ya ce, ya miƙa wa direba. Mota ta koma Roni da goran.

Na kai shi ɗakin cin abinci, na sa aka kawo burodi mai ɗanyen ganye a tsakiya. Ya buɗe ya leƙa, ya rufe, ya ce ya ƙoshi. Na sayo masa alewa a kanti, ya zuba a aljihu, wai ta jikoki ce.

Jirgi kuma ya ƙi zuwa. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, dattijo bai sa komai a cikinsa ba.

Muna fitowa daga masallaci sai ga Babban Sakataren ma'aikatarmu, wanda ko inuwarsa nake tsoro, zaune a tabarma yana shan fura da ludayi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, bismilla," ya ce wa Baffa.

Baffa ya zauna ya sha sosai, ya goge gemu. "Allah ya saka da alheri. Ashe ku manya ana barinku ku shigo da ita. Tawa yaron nan ya ce doka ta hana."

Sakatare ya juyo gare ni. "Wace doka?"

Baffa ya dube ni, ya gane ni na ƙirƙiro ta. Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, kuma da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Yanzu in na ji wani abu na gida bai dace da wuri ba, nakan tambayi kaina wa ya kafa dokar. Yawanci ni ne.