Gawar Mai Girma da Kwaltar Layinmu

Jama'a, yau da takalmi ƙafa ɗaya na iso wurin aiki. Ɗaya ƙafar tana can cikin taɓon layinmu a bayan Akra, na bar wa gwamnati ajiya. Ban ma yi faɗa ba, don makoki muke: Mai Girma Uban Harsashi ya riga mu gidan gaskiya.

Bari in tuna muku shi. Malamin makaranta ne da fari, ya ga alli ba ya fito da tumbi, ya faɗa siyasa. Ya yi ministan hanyoyi, ya yi na kamun kifi, ya leƙa wasanni, sannan aka mayar da shi hanyoyi don ya ɗan huta. Duk zaɓe sai ya zo layinmu da sabon shebur, ya tona ƙasa sau ɗaya wai aza harsashin titi, a tafa, a ɗauki hoto. Manyan ramukan da muke faɗawa yau, shi ya fara su da hannunsa mai albarka.

Wanda abin ya fi ci shi ne Baba Lante, mijin Anti Korkoi mai sayar da kenke, wato tuwon masarar mutanen nan. Ɓarin jikinsa ya shanye, ga shi babu ɗan tasin da ke yarda ya shigo mana. Duk ranar asibiti sai mu cire ƙofar kicin ɗinsu, mu kwantar da shi a kai, mu kai shi bakin titi a kafaɗa. Ni ke riƙe wajen ƙafafu.

Da labarin rasuwar ministan ya zo, Anti Korkoi ta tare ni da fara'a.

"Ɗan jarida, kakarmu ta yanke saƙa! Ka san duk hanyar da gawar babban mutum za ta bi, sai an malala mata kwalta."

"Anti, ai ba ɗan layin nan ba ne."

"In ji wa? A nan ya ci kenkena da soyayyen kifi, ƙaya ta maƙale masa, ni na dake shi a baya. In wannan ba zumunci ba ne, mene ne?"

Muka sa baƙi da ja, kayan makokin mutanen nan, muka tafi gaisuwa gidan dangin uwar ministan. Anti ta ɓarke da kukan da ya sa matar mamacin ta daina nata tana kallonta. Dangi suka amince gawa ta biyo ta layinmu, ta yi ban kwana da mu 'ya'yanta.

Kai, ku zo ku ga aiki! Ba a jima ba katafila ta shigo. Abin da ya gagari bawan Allahn nan yana tsaye, sai ga shi yana yi a kwance. Ban taɓa ganin minista mai ƙwazon wannan gawa ba. Baba Lante ya sa aka fito masa da kujera, yana hango kwalta tana matsowa.

"Korkoi," in ji shi, "bana tasi har ƙofar gida zai zo. Zan shiga mota kamar mutum."

Kwatsam dangin uba suka garzaya kotu, wai gawa tasu ce, ƙauyensu za ta. Alƙali ya ce kowa ya dakata, Mai Girma ya ci gaba da zama a firji. Direban katafila ya kashe inji a gaban shagon aski.

Na ce, "Ɗan'uwa, saura ƙiris ka kai gidan tsohon nan."

Ya ce, "Oga, ni gawa nake yi wa aiki. Ta motsa, in motsa."

Makon jiya, ana tafka ruwa, numfashin Baba Lante ya sarƙe. Tasi ya tsaya inda kwalta ta ƙare, ya ƙi gaba. Muka cire ƙofar kicin, muna zamewa muna tashi. Kafin mu kai shagon aski na ji ƙafafun tsohon sun saki a hannuna. Na yi kuka, kuma har yanzu haushin bai bar ni ba.

Jiya Anti Korkoi ta je ta tashi direban, yana barci a inuwar katafilarsa.

"Ka ce gawa kake yi wa aiki. To ga gawa ta samu, ranar Asabar za mu fito da ita."

Ya cire hula da ladabi. "Allah ya jiƙansa, Anti. Wace ma'aikata ya riƙe?"

Don haka, masu karatu, duk mai gawar minista da ba ya amfani da ita, don Allah ya ara mana kafin Asabar.