Madubin Kaka a Hancin Yaya

"Lafiya lau, lafiya lau, ke bar gaisuwar nan haka. Ina mijin nawa?"

Haka Kaka ta katse ni tun daga bakin ƙofa, ko takalmi ba ta gama cirewa ba. Ranar ce likita ya cire wa Yaya filasta, bayan aikin da aka yi masa na miƙe hanci. Tun yana ɗan shekara shida ya faɗo daga kan keke, hancin ya karkace, ƙofa ɗaya ta toshe. In yana barci kuwa, har maƙwabta sun san fiton hancinsa. Kaka ce ta raine shi, kuma ita ta fi kowa ƙin aikin nan. Tsoronta ɗaya ne, a yi masa allurar barci ya ƙi tashi. Ko asibitin ta kasa zuwa.

Na nuna mata falo. Yaya na kwance kan doguwar kujera bayan abincin rana, baki a rufe, shiru kamar ba kowa a ɗakin. Sai na ga fuskar Kaka ta canza. Ta lallaɓa, ta zaro ɗan madubinta daga jaka, ta kara masa a ƙarƙashin hanci. Wallahi har ni sai da gabana ya faɗi, alhali yanzun nan na kwashe kwanon da ya sharce tas.

Tururi ya rufe madubin. Yaya ya buɗe ido ɗaya.

"Tsohuwa, gado kika zo dubawa? Ban mutu ba tukuna."

"Gadon me? Wandunan nan naka guda biyu?" Ta yi wuf ta ɓoye madubin. "Kwalliyata nake gyarawa."

"A hancina?"

"To ai yanzu ya zama abin kallo. Da can in ka nufi kasuwa, shi tasha yake nufa."

"Kishi ne kawai. Kin san 'yan mata za su yi layi, ke kuma in sallame ki."

"Ni zan sallame ka. Mai karkataccen hanci na aura, wannan baƙon ban san shi ba. A kira likitan ya maido min da kayana."

"In ya zo sai ki kwanta, ya duba miki haƙoran nan."

"Huɗu ne, kuma duk a miƙe suke. Ba wanda ya taɓa kai su wurin kafinta."

Yaya ya tashi zaune, ya ja dogon numfashi ta hanci, babu fito babu gurnani. Sai ya yamutsa fuska.

"Wai dama haka kike warin man zafi? Ashe hancin nan asirinki yake rufawa."

"Ƙarya kake, ba ka jin komai. Kai da tukunya ta ƙone a gabanka kana karanta jarida."

"Akwai lemo a jakarki. An ma fara ɓare shi."

Kaka ta buɗe jakar a hankali, ga lemo nan, gefe ɗaya a ɓare. Ta zauna a hannun kujerar tana kallonsa.

"Sake ja in ji."

Ya ja.

"Ba ciwo?"

"Babu, Kaka."

"Alhamdu lillahi." Ta share ido da gefen mayafi. "Duk shekarun da ka yi a hannuna, da fiton nan nake sanin kana numfashi. Ina ɗaki in na ji shi, sai hankalina ya kwanta. Yau ka zo ka yi min shiru, ja'iri."

"To a mayar da shi yadda yake?"

Dariya ta ƙwace mata, haƙoran huɗu duk a waje. Ta dangwara masa lemon a cinya.

"Ungo, ka ci ni. Bar shi haka, ya yi kyau."

Sannan ta juyo, ta kama hannuna ta danƙa min madubin.

"Ke kuma riƙe wannan. Duk sanda ya kwanta ki kara masa, ki buga min waya."