Yadda Za Ka Raba Kanka Uku, a Rasa Ka Ko'ina

Kai ɗan aji shida mai jiran jarrabawar WAEC, matso kusa. An ce ka je makaranta da safe, ka je lesin da yamma, ka dawo gida ka yi karatun kanka, sai ka ce injin masaƙa. Kwantar da hankalinka. Ga hanyar da za ka cika duka ukun ba tare da ka karanta ko shafi ɗaya ba. Ba ta taɓa ba mai bin ta kunya a tsakiyar tafiya ba. Ashafa na Panshekara ya bi ta tiryan-tiryan, da shi za mu yi misali.

Mataki na 1: Samo uban da ya yarda da kai

Wannan shi ne jarinka. Uban Ashafa, Malam Idrisu, lebura ne a wani kamfanin jima a Challawa, inda warin fata ke riga mutum shiga gida. Bai yi boko ba, amma ya ci alwashin ɗansa ba zai taɓa ɗanyar fata ba. Akawu zai zama, da biro a aljihu. Ya faɗa wa foman, ya faɗa wa maigadi, ya faɗa wa duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a motar kamfani. Har aikin ranar Lahadi ya karɓa don a sa yaron a lesin.

Irin wannan uban za ka nema. Ba ya bincike, addu'a kawai yake yi.

Mataki na 2: Ba kowa sunan ɗan'uwansa

A makaranta, langaɓe kai ka ce wa malamin aji lesin ne ya hana ka aikin gida, sannan ka sulale kafin azahar. A lesin, aika a ce wa malaminku, Malam Haruna, makaranta ta riƙe ku karatun yamma. A gida kuwa, shigo bayan magariba kana jan ƙafa, ka ce daga lesin kake. Kowannensu zai ɗauka ilimin yana taruwa a wajen ɗayan, kai kuwa kana Dorayi a kan benci, ana raba karta.

Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ba su hana a riƙe uku ba, in dai ba taunawa za ka yi ba.

Mataki na 3: Wahalar da littafi

Wanda bai iya karatu ba, alama yake karantawa. Nannaɗe littafin, cusa shi a hammata, zauna a kansa, ɗiga masa manja. Ja layi da jan biro a ƙarƙashin duk abin da ido ya faɗa wa. Ashafa har sunan maɗaba'a ya ja wa layi.

Ranar da Malam Idrisu ya juya littafin lissafin ya ji ya yi tiɓis, sai da ya yi ƙwalla.

"Ladidi," ya ce wa matarsa, "a daina aiken yaron nan ɗebo ruwa. Kin ga yadda ya cinye littafi?"

Ka ga riba biyu ke nan.

Mataki na 4: Kada ka bari su haɗu

A nan gwanin namu ya yi sake. Ya lissafa makaranta, ya lissafa lesin, ya manta a Kano ba a ƙin zuwa gaisuwar mutuwa. Wani tsohon direba ya rasu a Kumbotso, ranar sadakar uku sai ga uban da malaman biyu a kan tabarma ɗaya. Malam Idrisu, bawan Allah, ya ga dama ta samu ya yi godiya.

"Malam Haruna, Allah ya saka muku da alheri. Kullum sai bayan magariba kuke sako mini Ashafa."

"Ashafa? Ai rabona da shi tun kafin azumi. Cewa aka yi makaranta ta riƙe su."

Malamin aji ya juyo. "Wace makarantar? Mu da ko azahar ba ta yi masa a wajenmu?"

Liman ya ce a yi salati. Malam Idrisu ya ɗaga hannu tare da jama'a, ya shafa, ya tashi neman takalmansa.

Mataki na 5: Ɗauki shiru a matsayin yafiya

Ashafa ya tanadi bayansa don dorina, ba ta zo ba. Tambaya ɗaya uban ya yi masa.

"Yaushe ne jarrabawar?"

"Wata mai kamawa, Baba."

"To."

Sakarai ne kawai ke jin irin wannan "to" ɗin ya yi murna, saboda haka yi murna. In abin ya matso, tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi, tauna goro, sha rubutu kwano-kwano. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma gwada. Rubutu dai ba ya tuna wa mutum abin da bai taɓa karantawa ba.

Mataki na 6: Karɓi sakamakonka, sa tsohon wando

Sakamako ya fito, faɗuwa sama har ƙasa, ko Hausa ba ta tsira ba. Ka ce masu ba da maki ne suka yi zalunci. Babu mai saurarenka.

Ranar Litinin uban ya tasa Ashafa gaba har layin masu neman aiki a kamfanin jimar. Foman ya dubi yaron, ya dubi dattijon.

"Malam Idrisu, wannan fa?"

"Lebura kuka ce kuna nema."

"Ba ɗanka ba ne?"

"Ku dai rubuta sunansa. Alfarma ɗaya nake roƙo, a kai shi wani sashe, ba nawa ba."

Sai a lokacin Ashafa ya gane dorinar ta fi sauƙi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin faɗuwarka, ko kukan uwarka, ko hannunka da ruwan jima zai cinye. Shawara na bayar, ban riƙe maka karta ba. Mai ƙorafi ya je Challawa ya tsaya bakin ƙofa bayan jiniyar tashi. Zai ga wani saurayi yana tafe bayan wani dattijo, motarsu ɗaya, gidansu ɗaya, kuma har yau dattijon bai waiwayo ba.