Bindigar Janar Pruitt

Duk wanda ya kwana lafiya a unguwarmu, can gefen garin Abilene na Texas, ya kamata ya gode wa Delbert Pruitt. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai da dalili. Bai taɓa shiga soja ba, katifa ya sayar har ya yi ritaya, amma da ka ga tafiyarsa ka san sojoji ne suka yi asara. A gabansa Janar ake ce masa. A bayansa kuma Janar na Kwandon Shara, domin babu yaƙin da ya fi ƙwarewa a kai irin kama maƙwabcin da ya fitar da shararsa ba a ranarta ba.

Abu ɗaya ya rage wa wannan bawan Allah a duniya: kujerar shugaban kwamitin tsaron unguwa. Tsoho Virgil da ke kanta zai sauka, za a yi zaɓe ranar gashin nama na shekara a gidansa. Abokin takarar kuwa Hoyt Gaskins ne, likitan haƙori, mutumin da Janar ke cewa ko kaza ba zai iya tsarewa ba.

To, ranar gashi kowane namiji da bindigarsa ta ado yake zuwa, rataye a ƙugu, yadda mata ke fitowa da sarƙa. Ba harbi ake yi ba, kallo ake yi. Hoyt yana da wata mai zanen azurfa da ya gada. Janar kuwa, bayan duk laccar da ya sha yi a shagon aski kan makamai, ko ta roba ba shi da ita.

Matarsa Lurleen ce mai riƙe da asusun gida, kuma hannunta ba ya buɗewa da daɗi. Da ya je neman kuɗin bindiga, ya yi mata jawabi kan 'yanci da kakanni da makomar ƙasa, tana feraye dankali. Da ya gama ta ba shi dala ɗari huɗu, ta ce ya kawo canji.

Nan fa basirar Janar ta motsa. Ya lura babu mai zare bindiga a wurin gashi, abin da ido ke gani kube ne da mariƙi. Sai ya fara da kube. Ya sa aka ɗinka masa na fata, ƙato, da sunansa da tauraro. Ya ƙara ɗamara mai kan ƙarfe kamar faranti. Ya ƙara hula, tunda kube irin wannan ba ya tafiya da tsohuwar hula. Da ya waiwayi aljihu, saura abin da bai kai a faɗa ba.

Ya nufi shagon jingina na Merle, ya sa aka sauko masa da duk manyan bindigogin da ke bango. Ya ce wannan ta yi nauyi a baki, waccan ba ta da tarihi. Merle ya gaji ya tambaye shi nawa ne a hannunsa. Janar ya faɗa a hankali, yana kallon ƙofa. Merle ya jawo aljihun tebur ya fito da wata 'yar mitsitsiya, ruwan hoda tun daga baki har gindi, irin wadda ake yi wa jakar mata.

"Ƙwararre ba ya duba launi, Merle," in ji Janar. "Naɗe min ita a takarda. Takarda biyu."

A gida ya ɗaura mata mariƙin roba mai kama da hauren giwa, ya cusa safa a gindin kuben don ta ɗago kai. Wallahi daga nesa sai ka ce ta gwamna ce.

Ranar gashi ya iso da wuri, hannu a ƙugu. Ya tsaya kusa da murhu inda jama'a suka fi yawa, ya buɗe baki.

"Jama'a, tsaro ba wasan yara ba ne. Namiji da makaminsa kamar mutum ne da inuwarsa. Ni nan, ko wanka zan shiga, tana kan ƙugiyar tawul."

Aka tafa masa, har da masu tafawa don ya yi shiru. Abin da Janar ya manta, don bai taɓa zuwa da bindiga ba balle abin ya shafe shi, shi ne dokar Opal, matar Virgil. A gidanta ba a haɗa giya da makami. Kafin a buɗe kwalba ko a shiga rumfar zaɓe, kowa zai zare tasa ya sa a akwatin ƙarfe da ke bakin rumfa, ita ta kulle.

Maza suka yi layi suna zarewa, ana yaba ta wane, ana shafa ta wane. Janar ya ja baya daga layin. Ya ce shi a bakin aiki yake, zai ɗan zaga ya duba motoci. Ya duba motoci. Ya sake duba su. Daga cikin rumfa yana jin ana kiran sunansa, zufa na bin bayansa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da kasuwar katifa ta faɗi.

Da ya ga Opal ta juya ɗauko faranti ba ta kulle ba tukuna, ya lallaɓa ya jefa 'yar abarsa cikin akwatin, ya faɗa rumfa da gudu. Ya tarar ana sauke hannuwa. Hoyt ya ci da ratar ƙuri'a ɗaya, kuma Janar bai jefa tasa ba.

Da yamma Opal ta buɗe akwati tana miƙa wa kowa tasa. Aka kwashe, saura ɗaya. Ta ɗaga ta da yatsa biyu, zaren safa na lilo a bakin bindigar, ta tambaya ta wace ce. Wuri ya kaure da dariya, kuma ta Janar ta fi ta kowa ƙarfi. Har ya ce shi dai yana tausayin mijin mai wannan abu.

Lurleen ta ajiye cokalinta, ta goge baki.

"Miƙo nan, Opal, ta Delbert ce. Ni kuma har yau ban ga canjina ba."