Rasuwar Kyamarar Dogo Mai-Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Namadi, ɗan marigayi Dogo Mai-hoto na Kaura Namoda, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamarar gidanmu, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi a tsakar gida.

Marigayiya ta girme ni. Mahaifinmu ya saye ta tun jirgin ƙasa na cika tashar Kaura da fasinja, ya zaga Shinkafi da Zurmi da ita, tana ɗaukar angwaye da alhazai da 'yan makaranta. Ba ta taɓa ƙara wa wani haske ko ta rage masa tsufa ba. Maganarta ɗaya ce, ƙyas, sai ta yi shiru har a murɗa fim.

Da ta dawo hannuna na sa ta ɗaukar mahaifiyarmu, Inna Yalwa, tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ƙanwata Bara'atu ke ɗaga ta, ta yi mata wanka, ta ba ta kunu, ni kuwa ina gefe ina neman inda haske ya faɗo. An rataye hotunan a wani baje koli a Abuja, baƙi suka yi ta yabon yadda nake jinyar uwata. Na karɓi yabon.

Ranar da ajali ya zo, Bara'atu ta tafi gaisuwa Kasuwar Daji. Inna ta yunƙura a kan kujera, na ɗaga kyamara, sai na ga tana sulalewa. Na saki marigayiya na tare Inna. Gilashin kyamarar ya bugi turmi, ya ce tas. Inna ba ta ji ciwo ba. Sai dai da na zaunar da ita, kyamarar na fara dubawa kafin in yi mata sannu, kuma tana kallona.

Imrana mai gyara ya duba, ya ce an daina ƙera kayan gyaranta.

Ta rasu ta bar jakar fata, da sanda mai ƙafa uku, da fim ɗin da ba a wanke ba, da tarin hotunan Inna waɗanda hannuna bai fito a ko ɗaya ba.

Za a naɗe ta a tsohon rawanin Baba, a sa ta cikin akwatinsa na ƙarfe bayan sallar Juma'a. Babu zaman makoki. Masu ta'aziyya su daure su zo bayan la'asar, don da safe ina wurin Bara'atu tana koya mini yadda ake ɗaga Inna.