Bencin da Muka Dafa Doya da Shi

Jama'a, in a cikinku akwai wanda ya ga wani ƙaton mutum mai sanƙo jiya da safe yana ratsa unguwa da kujera a ka, wata 'yar mitsitsiyar yarinya tana gaba tana yi masa jagora, to ya huta da tambaya. Ni ne. Ba ƙaura muka yi ba, ba kuma matata Bake ce ta kore ni ba, ko da yake saura ƙiris.

A gidanmu da akwai wani benci. Kafinta ya ƙera shi shekarar da babbar 'yarmu Nyon ta shiga aji ɗaya. Kun san yadda muke yi a unguwarmu ta nan Parakou: in an koma makaranta kowane gida ya kai wa ɗansa abin zama, in hutu ya zo a dawo da shi a riƙa shanya barkono a kai. Nyon ta zauna ta wuce sakandare. Ƙanenta Woru ya gada, ya bi shi da ƙusa ya zane ko'ina, har ya kai ajin manya inda ake da 'yan tebura. Saura auta, Bona, wadda tun farkon damina take goge bencin nan da tsumma tana hana kaji hawa, don ta san nata ne.

Ana gab da komawa sai shugaban makaranta ya tara iyaye. Ya ce Mai Girma Uban Ilimi, Inuwar Ɗalibai, Garkuwar Alli da Allo, zai zo da kansa ranar buɗewa ya raba sababbin bencina. Ɗaukar kaya a ka ta ƙare. Ana neman uba ɗaya mai murya da zai yi jawabin godiya. Aka waiga, aka ce Sabi, wato ni.

Ban san yadda na iso gida ba, don ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na tarar da Bake tana fama da ɗanyen itace, ruwan sama ya jiƙe shi, ga sabuwar doya an fere tana jira. Na dubi hayaƙi, na dubi benci. Na ce a miƙo gatari.

Bake ta ce, "Baban Nyon, wa za ka sara?"

Na ce, "Zamanin jahiliyya."

"Ka bari mu ga sabon tukuna mana."

"Ke dai ba ki da imani da hukuma. Ni da zan tsaya gaban Mai Girma, a ce 'yata ce ke zaune a kan wannan gurgun katako? Ina fuskata?"

"Fuskarka tana nan inda ka bar ta, ta haɗe da ƙeya."

Bona ta rungume ƙafar benci tana kuka. Na durƙusa na rantse mata cewa za ta zauna a kan sabo fil, mai ƙyalli, mai ƙamshin fenti. Ta sake shi. Kuma a faɗi gaskiya, busasshen katako ne na kirki. Sakwarar ranar ta yi laushi, miyar ta ji cuku, har maƙwabcina Gunu ɗan acaba ya shigo ya sa hannu, yana cewa bai taɓa cin ilimi mai daɗin wannan ba.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, aka kawo makaɗa. Muka gasu a rana har yaran da aka jera su yi waƙar maraba suka fara zubewa. Can sai ga jiniya, ga motoci masu baƙin gilashi, ga babbar mota shaƙe da bencina. Aka sa 'yan ajin su Woru suka sauke. Aka zaunar da ƙanana a kai, Bona a sahun gaba cikin sabon kakinta, baki har kunne. Mai Girma ya shafa kanta, aka ɗauki hoto. Ni kuwa na karɓi lasifika na zuba. Na ce tun da aka kafa garin nan ba a yi uba irinsa ba. Na ce jikokinmu za su zauna a kan alherinsa. Wata tsohuwa har da hawaye, ko da yake daga baya na ji hayaƙin janareta ne.

Motar Mai Girma na fita, sai wasu samari suka ce yara su tashi. Wai za a mayar da bencinan a ƙara musu fenti, a buga musu lamba, don komai na hukuma da tsari. Jama'a, ni na kama musu lodi. Har ina yi wa wasu iyaye tsawa su yi a hankali kada su goge kayan gwamnati.

Da yamma Nyon ta dawo daga sakandarensu da ke can ƙetaren gari, tana danne dariya.

"Baba, yau na gan ka a makarantarmu."

"Ni? Ina nan ina jawabi."

"Mai Girma ya kawo mana sababbin bencina. Wanda aka zaunar da ni a kai, ga kanka a gefe an zana da ƙusa. Sanƙon, kunnuwan, har da bakin a buɗe."

Duk muka juya wajen Woru. Ya ce shi dai gwada ƙarfin katakon ya yi. Na tashi zan kama shi, sai ga Gunu ya leƙo.

"Maƙwabci, bar yaron nan, ya fi ka aiki. Duk makarantar da na kai fasinja yau, motar nan tana gabana. A sauke, a yi hoto, a loda. Kanka ya zaga gari ya fi ni, kuma ba ka sayi mai ba."

A labaran yamma muka ga abin da idonmu. Makaranta bayan makaranta, yara daban, rumfa daban, benci ɗaya. Mai karanta labarai ya haɗa jimilla ya faɗi adadin da ko dajin ƙasar nan aka sare kaf ba zai ba da shi ba. Ni fa ban ga laifin Mai Girma ba. Wannan ai tattali ne. Wata ƙasar sai ta sayi benci dubu, mu kuwa mun gano cewa mota ɗaya ta isa, in dai tana da mai.

Washegari iyaye masu ƙarancin imani suka fito da tsofaffin bencinansu daga bayan ɗaki, ba kunya. Bona ta wuni a ƙasa, inda rufin ajin ke yoyo. Ta dawo da kaki jage-jage da laka, ta ajiye allonta a gabana, ba kuka ba hayaniya.

"Baba, na gama makaranta."

Na ruga wajen kafinta. Ya nuna mini tarin aikin da ke gabansa, ya ce in dawo bayan an cire auduga, ya kuma yaba jawabina. Na dawo na tarar da taron gida. Nyon ta ce ita a shekarunta ba ta raba wurin zama da kowa. Woru ya kawo shawarar a ba Bona turmi. Saura Bake. Ido kawai ta ɗaga ta ɗora a kan kujerata.

Kujerar nan ta mahaifina ce, mai hannuwa, mai matashi. Ba wanda ke zama a kai sai ni. Ko kyanwa ta san haka.

Na ce, "Maman Nyon, a yi dai tunani."

Ta ce, "An yi. Ranar da aka miƙo gatari."

Na dubi Bona. Ita ma ni take kallo, irin kallon wanda aka yi wa rantsuwa.

To, kun ji dalilin tattakin jiya. Masu shayi suka miƙe suna tafi, Gunu yana biye da ni a hankali yana danna oda, yana ihu a ba Mai Jawabi hanya. Na shiga aji na sauke. Bona ta hau ta hakimce, ƙafafu suna lilo, kanta ya ɗara na malamar da ke zaune kan bokitin fenti. Ta buɗe allonta, ta ɗaga mini hannu.

"Baba, kana iya tafiya."

Wannan rubutu a kan kifaffen turmi nake yin sa, don haka in kun ga ya karkace ku yi haƙuri. Na ji an ce wata mai zuwa Mai Girma zai dawo ya raba wa unguwa sababbin ƙofofi, kuma ana neman mai jawabi. Tun safe nake neman gatarin gidan nan, don in adana shi kawai, amma Bake ta ce ba ta san inda yake ba.